Shirun Kawu Bala a Amsterdam

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe abin ya soma lalacewa. Na san lokacin daidai domin agogo nake kallo sa'ad da na faɗi maganar. A wannan watan Kawu Bala ya cika shekara shida da rasuwa, kuma sai bana nake iya tuna safiyar nan ba tare da na zargi kaina ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata Hadiza ne, direban bas a tashar Kudai da ke garinmu Makka. Da makarantarmu ta tura ni taron ɗalibai a ƙasar Holan, shi ya raka ni. Bayan taron kwana uku suka rage mana a Amsterdam, na tsara su awa-awa a ɗan littafina. Shi kuwa, da ya tashi a garin duwatsu, bai ga dalilin sauri ba a garin da ruwa ya ratsa kowace unguwa. Kowace gada sai ya tsaya. Ya tsaya kallon wata tsohuwa da ta ɗauko furanni da burodi a kan keke. Ya tsaya leƙen jiragen ruwan da mutane suka mayar gidaje, har da labule da tukwanen shuka, yana tambayata ina suke shanya.

Tikitinmu na shiga gidan zane-zane na ƙarfe goma da rabi ne, wanda ya makara kuma ba ya shiga. Sai na ɗaga murya a gaban mutane, na ce ya daina yi kamar bai taɓa fita daga unguwar Hindawiyya ba. Ni da ko a aji da ƙyar ake jin muryata. Ya dube ni, ya ce, "Yalla ya binti," wato maza 'yata da Larabci, "je ki ga hotunanki. Ina nan kan gadar."

Awa uku na yi a ciki. Na daɗe gaban wani ƙaramin zane na wata mata tsaye a bakin taga, haske ya sauka a kan yatsunta kamar in taɓa. Da na fito, na tarar da Kawu ya naɗe fuskarsa da mayafin sanyi har hanci. Na ba shi labari, ya gyaɗa kai. Na tambaye shi abinci, ya girgiza kai. Kwana biyun da suka rage haka muka yi su: mun shiga jirgin yawo a kan ruwa, mun zaga kasuwar furanni, bai ce mini komai ba sai "uhm". Abinci ma bai ƙara ci tare da ni ba, shayi kawai yake kai wa ɗakinsa.

Bayan mun dawo Makka da mako guda ya zo gidanmu da dariyarsa kamar kullum. Ni na ɓuya a ɗaki, na fake da jarrabawa. Kullum ina cewa gobe zan nemi yafiyarsa, kunya tana hana ni. Wata takwas bayan haka zuciyarsa ta tsaya.

Nakan bi ta Kudai yanzu in ga alhazai kowa ya sunkuyar da kai yana bin taswirar waya, ba mai tambayar direba hanya. Na san da yana nan da ya ce mutum ya zo daga ƙarshen duniya ya ƙare da kallon tafin hannunsa. Ban san me zai ce da ni ba, da har yau nake tsara ranata a littafi. Amma na lura na koyi tsayawa. In na ga mai gasa burodi yana aiki, nakan ɗan dakata in kalla. Abin da ya bar mini ke nan, ko da ban ce masa na karɓa ba.

Watan jiya na je unguwar Zahir gaishe da matarsa, Inna Hajara. Muna shan shayi na daure na gaya mata komai, na tambaye ta ko ya rasu yana fushi da ni. Ta ajiye kofinta, ta yi ta dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, amma ba ta san shekara shida nake ɗauke da wannan ba.

"Wane fushi, 'yar nan? Kina shiga ya hango wasu suna jan kujera da igiya zuwa tagar bene. Kin san kawunki, ba ya ganin aiki ya yi shiru. Ya jingina da ƙarfen gadar yana daka musu tsawa, hagu, dama, kamar yana juya bas. Haƙoransa na roba suka fice suka faɗa ruwa. Ni kaɗai na san yana sa su. Maganarki kuwa, da ya dawo ita yake ba ni labari yana murna, wai ashe 'yar Hadiza tana da murya."