Tarihin Sa'idu Turmi na Safo, Ɗan Kokowar da Aka Rufe Ba Salla

Haihuwa da asali

An haifi Sa'idu ɗan Alhassan, wanda ƙasar Maraɗi ta sani da suna Turmi, a garin Safo cikin damanar shekara ta 1939. Mahaifinsa manomi ne, mai gero da gyaɗa, mai salla biyar, wanda bai taɓa sa baki a harkar da ba tasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mahaifiyarsa Ɗelu kuwa ƴar bori ce, goɗiyar Sarkin Rafi, wato iskar da ke hawanta, kuma ba za a ɓoye wannan ba, don ba ɓoye-ɓoye aka zauna yi ba. Cikin ƴaƴa bakwai biyu rak suka rayu: Barira babba, da Sa'idu auta, shekara goma sha biyu tsakaninsu. Barira ce ta goya shi, kuma daga bakinta wannan tarihi ya fito a shekara ta 1978, domin a karanta shi gaban mai gari da malaman Madarunfa, su san cewa akwai Musulmi kwance a gefen gona shekara biyu ke nan, ba a yi masa salla ba.

Tasowa da karatu

A shekara ta 1946 aka sa shi karatun allo a ƙofar gidansu, inda ya sami abin salla da ɗan abin da ya ɗara haka. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, bai taka ba, shi da yayarsa duka. Amma Barira ta yi nata karatun a wani wuri, gama tun tana shekara goma ita ke riƙe wa uwarsu zane in an fita wasan bori, ita ke rufe ta in ta faɗi, ita ke share mata fuska. Shekara ashirin da shida tana wannan hidima, saboda haka in ana zancen hawa da sauka, babu mai gemun da zai koya mata.

Abin da ta sani shi ne: wanda iska ta hau ba shi ne a wurin ba. Bai san uwarsa ba, bai san ɗansa ba, ba ya kiran kowa da sunan gida. Ba a ɗauke shi daga inda ya faɗi, sai a rufe shi da zane a yi ta kaɗa masa, har ya yi atishawa. Atishawar nan ita ce alamar iska ta sauka, mutum ya dawo.

Shiga kokowa

A kakar shekara ta 1957 ya fara shiga fili, ya kuwa yi kayensa na farko a garin Gabi. Gajere ne, kakkaura, ƙafafunsa kamar an dasa, shi ya sa makaɗa suka sa masa Turmi, suna yi masa kirari da Turmi sha daka, a gaji a bar ka. Yana shiga da guru uku a ƙugu, da kambu a kowane damtse, da layu a wuya da jikin walki, waɗansu na kariya daga kambun baka, waɗansu na kashe wa abokin karawa jiki. Kada kowa ya riƙe baki a nan. Duk ɗan kokowar ƙasar nan haka yake shiga, kuma wanda ya ce shi da ƙarfinsa kawai yake zuwa, a kwance masa walki a gani.

Aure da zama a Madarunfa

A shekara ta 1961 ya auri Balaraba ɗiyar Musa ta garin Sarkin Yamma, ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. A shekara ta 1963 Allah Ya yi wa Ɗelu rasuwa, kuma ba a yi arba'in ba Sa'idu ya kwanta wani ciwo wanda ya gagari rubutu da sassaƙe, har masana suka ce Sarkin Rafi ne ke neman doki a gidan. Aka yi masa girka, wato aka shigar da shi bori, a shekara ta 1964, ya tashi garau. Tun daga nan, duk ran da ya yi babban kaye makaɗa suka juya ganga, sai abin ya hau shi: ya yi gurnani, ya yi tsalle ya dira da gindi, idanu jajur, har a rufe shi ya yi atishawa. Jama'a na son wannan fiye da kokowar ma. Shi kam ba ya so. Ya sha ce wa yayarsa, "Yaya, gado ne, ba saye na yi ba."

A shekara ta 1966 ya komo Madarunfa da zama, ya sami gona a hanyar Gabi, yayarsa ma ta biyo shi bayan mutuwar mijinta. Shekara goma yana salla a masallacin unguwarsu bayan liman Malam Hamisu, yana azumi, yana fid da zakkar gero, kuma a cikin shekarun nan goma babu ranar da aka ce masa ya fita daga sahu.

Shekarun fari

Da fari ya yi tsanani a 1973 da 1974, aka daina wasa, gama mai yunwa ba ya kokowa. Sa'idu ya ƙetara Katsina ya yi dako rani biyu, yana aiko da hatsi, kuma cikin ikon Allah ba a fid da gawa daga gidansa ba. Ya dawo a 1975 gwiwarsa ta fara ciwo, ya ce ya bar fili. Illo, sarkin wasa na garin, shi ya yi ta zarya a gidan har ya shawo kansa, wai wasa ba Turmi miya ce ba gishiri.

Wasan ƙarshe

Ranar Lahadi, 12 ga Disamba 1976, ƴan kwanaki bayan Sallar Layya, aka yi babban wasa a filin bakin kasuwa, aka haɗa shi da Gambo na Gabi, saurayi dogo wanda ya girme wa ɗan farin Sa'idu da kaɗan. Da la'asar suka kama. Sun jima suna murza juna, sannan Turmi ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, gwiwar nan ta ci amanarsa, suka tafi ƙasa tare. Bayan Gambo ne ya fara taɓa ƙasa, kaye na Turmi ne, amma duk nauyin mutum biyu a kan wuyan Sa'idu ya sauka.

Fili ya ɗauki guɗa. Makaɗa suka juya ganga. Sa'idu na kwance, ƙafarsa na rawa, kumfa a bakinsa, sai aka yi ta ihu, "Ya hau! Sarkin Rafi ya hau!" Barira ta ratsa mutane da zanenta kamar yadda ta saba, ta durƙusa za ta rufe shi. Sai ya juyo idonsa, idon kawai, gama wuyan bai motsa ba, ya dube ta ya ce a hankali, "Yaya."

Zanen ya faɗi daga hannunta.

"Ku tsai da kiɗin nan!" in ji ta. "Ba iska ba ce! Wuyanshi ne!"

Illo ya taso yana dariya. "Haba Barira, yau kika fara gani? Ja da baya, kar ki ɓata wa Sarki rai."

"Ni za ka gaya wa Sarki? Ina riƙe zanen uwata kana yawo ba wando! Ya ce mini Yaya. Yaushe ka taɓa jin iska ta ce Yaya?"

"Kunnenki ne. Cikin wagga hayaniya me za ki ji?"

Gambo ya matso ya ce, "Wallahi Baba Illo, na ji ƙara. Kamar an karya kara na ji." Aka yi masa ca, wai wanda aka kayar ba ya rasa ta cewa, wai so yake a ce shi ya yi wa Turmi lahani.

Akwai wani direba, Audu, wanda ya gama lodin kamyo, babbar motarsa, zai tafi Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ya sauko ya ce, "Inna, a samo ƙyaure a ɗora shi yadda yake kwance, in kai shi likita yanzu." Barira ta ruga da kanta ta ciro ƙyauren wata rumfa, ta jawo shi har tsakiyar fili. Maza suka tare ta. Illo ya ce ba a ɗaukar doki da mahayi a kansa, in aka sa shi mota kafin ya yi atishawa, ya haukace ke nan har abada, kuma shi ba zai ɗauki wannan alhaki ba. Ta ce ta yarda, a ba ta shi mahaukaci, ita za ta ɗaure shi a ɗakinta ta ba shi tuwo a baki. Mutum biyu suka riƙe ta, ɗaya a kowane hannu. Aka rufe Sa'idu da zanenta, aka aika a kira mai garaya.

Daga la'asar har rana ta yi ja ana kaɗa wa mai karyayyen wuya garaya. Mutum ya fi ɗari biyar a wurin, da masu rawani, da masu karatun lakwal, ba wanda ya hana. Audu ya bar motarsa a kunne duk tsawon wannan lokaci, fasinja na zaginsa, bai tafi ba.

Rasuwa

Da suka ga atishawa ta ƙi zuwa, ga magariba ta ƙarato, sai Illo ya ce Sarki ya yi fushi ne da surutun mace, sai an taimaka masa. Ya sa aka yaye zanen, aka kama Sa'idu ta kafaɗa aka ɗaga shi zaune, wani ya tallabe kan ya miƙar da shi. Barira na kuka tana cewa kada ku ɗaga, kada ku ɗaga, har muryarta ta mutu. Illo ya ɗebo garin taba ya hura masa a hanci.

Ya yi atishawa, guda ɗaya.

"Ya sauka!" in ji jama'a. Mata suka rangaɗa guɗa, ganga ta tashi, aka yi ta tafi. Ana cikin tafin nan wanda ya riƙe kan ya sake shi, kan ya faɗo bisa ƙirji kamar na kazar da aka yanka. Sa'idu ɗan Alhassan ya cika a wannan lokaci, yana da shekara talatin da bakwai. Kafin a ce haka, filin nan ya watse, har takalma aka bari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jana'iza

Da safiyar Litinin aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, aka aika wa Malam Hamisu. Bai zo ba. Barira ta yafa mayafi ta same shi a zaurensa cikin mutane.

"Allah gafarta Malam, gawa na jira."

"Ai Barira kin san hukunci. Sarkin wasa ya shaida mini, gari duka ya gani, mutumen nan ya mutu da bori a kansa. Wanda ya cika a hannun iska, da tarkacen tsafi a jikinsa, ban san da wace kalma ya tafi ba."

Ta kwance bakin zanenta ta zube masa guraye da kambuna a kan buzu. "Wanne ne tsafin? Rabinsu kai ka rubuta. A farke su a gani in ba hannunka ba ne."

"Waɗancan ayoyi ne."

"To ayoyin ne suka yi masa rakiya. Kalmar da ya tafi da ita kuwa ni na ji ta, Yaya ya ce. Yana cikin hankalinshi, ya san ni. Kashe shi aka yi da garin taba, Malam."

Malam Hamisu ya ce shaidar mace ɗaya ba ta ture ta gari. Gambo ya ce ga shi, shi ma shaida ne. Aka ce masa shi ɗan Gabi ne, kuma abokin karawa, ya yi ta kansa kada maganar ta kai ga jandarma, jami'an hukuma. Nan aka gane inda gizo ke saƙa: in aka ce iska ce ta ɗauke shi, babu mai laifi, amma in aka ce wuya ne, to akwai hannun da ya ɗaga shi. Sai aka zaɓi a bar shi da iska. Aka hana shi salla, aka kuma hana shi makabarta.

Da hantsi ya yi zafi, mutum uku suka ɗauke shi a kan ƙyauren nan da aka hana ɗora shi da rai: Gambo, da Audu direba wanda ya fasa tafiyarsa, da surukinsa Musa, tsoho mai sanda. Kusurwa ta huɗu Barira ce ta kama, abin da ba a taɓa gani ba a garin. Suka haƙa a gefen gonarsa suka rufe shi. Cikin mazan uku babu wanda ya san yadda ake jan sallar gawa, sai Fatiha suka shafa.

Tun daga ranar Barira ta je wurin mai gari sau huɗu, ana ce mata a bar wa Allah. Ta bar wa Allah Illo da hannunsa, ba ta neman a ɗaure kowa. Amma ta taka har Maraɗi ta tambayi malamai, sun ce mata Musulmin da aka rufe ba salla ana iya tsayawa a kan kabarinsa a yi masa. Wannan take nema, ba roƙo ba ne kuma, haƙƙi ne. Gambo na nan da rai a Gabi, Audu na bin hanyar nan kowane mako, duk ran da aka kira su za su rantse.

Iyalan da ya bari

Ya rasu ya bar matarsa Balaraba da ƴaƴa biyar: Ibrahim, wanda ya daina zuwa masallacin unguwa tun ranar, Zainabu, Abdu, Ɗan Azumi, da Hajiya ƙarama, mai sunan kakarta ta wajen uwa, wadda ke goye lokacin da abin ya faru. Ya kuma bar yayarsa Barira.

Kabarin yana hanyar Gabi, gabas da tsamiya, taki arba'in daga bakin hanya. An cire ƙaya, an share wurin, zai ɗauki sahu uku.