Kwaɗin Bayan Gidanmu Sun Yi Shiru

Jiya da la'asar, ruwa na ɗaukewa, kakata Inna ta ce in buɗe mata taga. Idonta ya daina gani, da kunne take kallon duniya. Ta jingina da bango tana jira.

"Hauwa, wai bana kwaɗin unguwar nan tamu ta Kwaciri yaji suka yi ne?"

Ni kam na san dalili. Tun bara maƙwabcinmu yake sayo maganin ciyawa a Sabon Gari, yana feshe bakin kududdufin bayan gidanmu saboda macizai. Ruwan sama kan wanke maganin ya zuba ciki. Da idona na ga 'ya'yan kwaɗi birjik a saman ruwa, sun mutu da jelarsu, ko ƙafa ba su fitar ba.

Na gaya mata duk abin da na gani.

"Da kukansu aka kawo ni gidan nan amarya," in ji ta. "Kakanku ya ce makaɗana ne, shi ya gayyato su."

Sai ta lumshe ido, ta fara kwaikwayon kukan a hankali tana kaɗa kai, har barci ya ɗauke ta.

Jama'a, a unguwarku har yanzu suna kuka bayan ruwa? Ku faɗa min, in kai mata labari.