Robar da Ta Faɗo Daga Sama

Ranar wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, aka tura ni roron wake a gonarmu ta hanyar Safo. Ban cika rabin ƙwarya ba na hango wani abu rataye a kan kalgo: ɗan farin akwati mai rubutun Faransanci, da doguwar igiya, da yagaggiyar roba tana lilo. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙiriniya, hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Na ce yau na samu robar tsalle wadda duk ƴan matan Madarunfa ba mai irinta. Ina jan ta sai ta tsinke, wani gefen ya marmashe, wani ya manne mini a yatsu da danƙo. Na goge a zane na koma roro.

Kafin azahar gonar ta cika da mutane, don wani makiyayi ya baza labari cewa ya ga saukar abin daga sama tun kwanakin baya. Wasu na salati, wasu na cewa bam ne. Sai wani dattijo mai sayar da kifin tafki ya daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa! Abin da ya ruɓar da roba haka, in ya hau fata sai ya kai ƙashi." Wayyo ni! Na cusa hannun dama cikin zane, har jandarmomi suka zo suka sauke abin da sanda, ban fito da shi ba.

Washegari malaminmu, wanda muke kira Mushe irin na Faransanci, ya so ya kwantar mana da hankali. Ya ce balan-balan ce ta masu auna yanayi, takan tashi har inda sanyi ya wuce na ƙanƙara, ta kumbura ta fashe. Ya ce sama da nan ma, inda taurarin ɗan Adam ke yawo, ba iskar da za ta tare rana. Haskenta yakan dafa robar da aka lulluɓe na'urori da ita, ta dushe, ta tsattsage, zafi ya miƙa ta ga sanyi, sanyi ya maido ta. Ya rufe da cewa, "Can sama, komai ƙarfin roba sai an ci ta." Duk bayanin nan kalma guda ta shiga kunnena: ci. A wurinmu gyambo ne ke cin ƙafa, kuma na san maƙwabcin da nasa ya ci har aka yanke ta. Na tabbata abin nan na cikin yatsuna, ya soma aikinsa.

Daga ranar na rasa sukuni. In na je ɗebo ruwa sai in dirje hannun da yashi, in na gama daka in dirje shi da toka, har fata ta soma saɓulewa, na ce shi ke nan, ga alama ta fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwano. Ni da ƙanwata Nana tare muke cin tuwo, to yaya zan tsoma wannan hannu inda take ci? Sai na miƙa hagu. Kakarmu, Iya, ta ɗora mini muciya a gwiwar hannu: "Ke ɗiyar nan, a gidan wa kika koyo cin Shaiɗan?" Dama ta haramta, hagu ta haramta, sai na daina ci, na ce cikina ke ciwo.

Rana ta uku, muna inuwar rumbu an sauke dambu, Iya ta fizgo hannun daga cikin zane. Ta ga yatsun jajir. Na fashe da kuka, na zayyana mata komai, har na roƙe ta kada a yanke mini a gaban Nana. Iya ba ta ji bayanin Mushe ba, kuma tana wurin lokacin da mai kifi ya yi gargaɗi. Ta yi bisimilla, ta sa yatsuna a bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta tsotse su tas. Ta ce, "To, in mai ci ne ya fara da ni, in ga haƙoransa. Sa hannu ki ci, ja'ira."

Yau ni ke koyar da kimiyya a Maraɗi. Na san sunan hasken da ke cin roba, ina nuna wa ɗalibai tsohon bokitin da rana ta gasa, su duba sauran bayanin a wayar salula, ba mai firgita. Iya ta rasu ba ta taɓa sanin mene ne ya faɗo gonarmu ba. Ita ma tsoron take ji ranar nan, ta dai buɗe baki ta sa yatsuna.