Ranar da Na Tona Asirin Ƙanwata

Akwai wata Talata ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ƙarshen mulkin soja ne, ana ta shirin komawa siyasa. Ina aure a Damba cikin Gusau, ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli ina sayarwa a gida. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wadda abin ya faru da ita tana raye har da jikoki, kuma sai da na nemi izininta kafin in ba da wannan labari.

Ƙanwata ce, wadda ke bi mani. Tana aure a Nahuce, mijinta manomi ne mai sanyin hali, suna da goyon ɗa namiji da bai ko fara rarrafe ba. Wata rana sai kawai na gan ta a gidana da yaron a baya, ba aike ba sanarwa, a lokacin da kowa ke fama da noman gero.

"Yaya, zuwa na yi in kwana biyu in huta," ta ce.

Na yi murna, amma na lura ba ta cin abinci, kuma in za ta zauna sai ta dafe gefen cikinta na dama ta cije leɓe. Da na tambaya sai ta ce ciwon mara ne. Na yarda, don wace mace ce ba ta san ciwon mara ba?

Da hantsin Talatar ina tsakar gida ina murza tunkuza, ta fito za ta kewaya. Ba ta kai bakin randa ba ta sulale ƙasa. Na ruga na tallabo ta, na ji jikinta sanyi ƙalau, gumi na tsatstsafowa, leɓɓanta sun yi fari fat. Tana buɗe ido sai ta ce kafaɗarta ke ciwo. Na duba zanenta, jinin da na gani bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ruɗa ni ke nan. Ashe jinin a ciki yake zuba, inda ido ba ya gani.

Maƙwabciyata Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta ma'aikacin gwamnati, kuma ita kaɗai ce macen da ta iya tuƙi a layinmu. Ihuna ɗaya ta shigo da kumfar wanki a hannu. Ba ta tsaya tambaya ba, ta fito da tsohuwar motar mijinta. Na miƙa yaron ga tsohuwar gidanmu, muka kinkimi ƙanwata muka sa a baya, na ɗora kanta a cinyata.

A cikin motar ne ta jawo wuyana ta raɗa mani abin da ya kawo ta. Ciki ne da ita. Kwanika, wato ciki a kan goyo. Wanda bai zauna ƙauye a wancan zamani ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Mace ta yi kwanika, sai ta zama abin zunɗe a bakin rijiya, a ce ta kasa haƙuri ta shayar da ɗanta gurɓataccen nono. In yaron ya yi ko da zawo ne, ita ce mai laifi. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Wata dillaliya daga Tsafe, mai kai masu atamfa da kayan mata, ita ta ce tana da wanda ke aiko mata da ƙwayoyin zubar da ciki daga wani birni mai nisa, ta hannun direban mota. Ƙanwata ta karɓa, ta taho gidana don ta sha nesa da idon surukarta.

Ta kwance gefen zanenta ta danƙa mani ƙullin leda. Sauran ƙwayoyin ne, farare, ba suna, ba kwali, ba takarda.

"Yaya, ki jefar ta taga. Don girman Allah ki rufa mani asiri. Ko mutuwa zan yi kar ki faɗa."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na soke ledar a cikin ɗankwalina.

Da muka isa asibiti, nas ta gwada jininta ta tambaye ta ko tana da ciki. Ƙanwata ta girgiza kai ta ce goyo take yi. Likita ya zo, wani siriri mai gilashi, ya sake tambaya, ta sake musawa. Na ji yana ce wa nas a sa mata ruwa, a ɗebi jini a duba taifod, zai dawo in sakamako ya fito. Ba laifinsa ba ne, abin da aka gaya masa shi ya bi.

Ina tsaye riƙe da ƙarfen gado. Tsoro iri biyu ya taru mani. Na san abin da ta yi doka ba ta yarda da shi ba, ina ganin kamar ina buɗe baki za a kira 'yan sanda. Na kuma san in maganar ta kai Nahuce, aurenta da mutuncinta sun shiga uku. Amma ina kallon idonta yana lumshewa, numfashinta na ƙara gajarta. A raina na ce, in ta rayu ta tsane ni, na ɗauka. In ta mutu da asirinta a rufe, me zan gaya wa Inna?

Na bi likitan baranda na sha gabansa. Ni da ko a gaban mijina ba na ɗaga murya.

"Likita, ba gaskiya ta gaya maka ba. Ciki gare ta, kuma ga abin da ta sha."

Ya kwance ledar ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa. Na jira tsawa, ban ji ba.

"Wannan ba mai iya gaya maki ko mene ne," ya ce. "Amma kin faɗa mani abin da nake bukata. Ta yi kukan kafaɗa?"

"Awo, ta yi."

Ban taɓa ganin mutum ya juya da sauri haka ba. Ya koma ya danna cikinta, ta yi ƙara. Ya soka allura a mararta ya ja, sirinjin ya cika da jini. Nan take ɗakin ya hargitse, ana kiran a shirya ɗakin tiyata, ana neman mai ba da jini. Da aka turo gadonta ta gabana, ta ga ledar a hannun nas. Ta dube ni, ta kau da kai. Wannan kallon ya fi mari zafi.

Na kwanta aka ɗebi jinina. Maƙwabciyata kuwa ta ɗauki hanyar Bungudu ita kaɗai zuwa Nahuce, ta bi gonaki tana tambaya har ta samo mijin a bakin aiki. Haka ya iso asibiti da laka har gwiwa, shi ma ya miƙa hannu aka ɗiba.

Bayan la'asar likitan ya fito ya ce an yi nasara. Ya gaya wa mijin cewa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, a cikin 'yar hanyar da ƙwai ke bi, ya girma har ya fasa ta. Maganar ƙwaya bai ambata masa ba. Ni ya ja gefe ya ce irin wannan ciki babu ƙwayar zubar da ciki da ke fitar da shi, ta gaske ce ko ta jabu. Abin da ya kusa kashe ta shi ne, da ciwon ya taso sai ta ɗauka maganin ne ke aiki, ta yi ta daurewa. Da wani ya duba ta tun farko, da an gane kafin ya fashe.

Mijin ya zauna a kan benci ya riƙe hularsa.

"Yaya, ciki? To mi ya hana ta gaya mani?"

"Kunyar kwanika," na ce.

Ya ce, "Wagga kunya ai tamu ce mu biyu. Ita kaɗai na bari ta ɗauka."

Tun daga ranar nake ganin girman mutumin nan.

Ƙanwata ta farfaɗo, amma ta ɗauke mani wuta. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta kunu a baki, ba ta ce mani uffan. Sai ranar da aka kawo mata yaron. Yana ganinta ya miƙa hannu yana ɓangala dariya. Ta rungume shi ta yi kuka mai isarta, sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Yaya, da kin jefar, da yanzu wa ke riƙe da shi?" Iyakar godiyar da ta yi mani ke nan, kuma ta ishe ni.

Da aka sallame ta na hau mota zuwa Tsafe na nemi gidan dillaliyar. Ban je da faɗa ba. Na zauna a kan tabarmarta na ba ta labarin jinin da na gani a sirinji. Na tambaye ta sunan maganin, ba ta sani ba. Mai aiko mata fa, ta taɓa ganinsa? Ba ta taɓa ba. Ta ce ita taimako take yi, matan ne ke zuwa mata da kuka. Na ce na yarda, amma in wata ta faɗi a ɗaki, ke za ki ɗauke ta ko shi? Sai ta tashi ta ɗauko wasu ƙulle-ƙullen da ke jiran masu su, muka zuba a masai tare. Ko ta daina daga ranar, Allah kaɗai ya sani. Na dai san waɗannan ba su shiga cikin kowa ba.

Ban yi karatu mai zurfi ba, ban tara dukiya ba, amma in ana lissafin abin da mutum ya yi a duniya da zai ɗaga kai da shi, ni nawa ke nan. Ƙanwata ta ƙara haihuwa bayan haka, kuma da bakinta ta gaya wa mijinta sauran labarin.

Kwanan baya ɗiyata ta nuna mani a wayarta yadda yanzu ake odar irin waɗannan ƙwayoyi ta intanet, a kawo wa mace har ƙofar gida. A wurare da yawa abin bai canza ba. Mai sayarwa ba a ganinsa, ba a san abin da ya ƙunsa ba, bai san watannin cikin ba, bai san inda cikin ya zauna ba, kuma ranar da jini ya ɓalle ba ya kusa. Ni ba alƙali ba ce, ban san abin da ke kai kowace mace ga wannan shawara ba. Abin da na koya dai shi ne, kar mace ta haɗiyi abin da ba ta san ko mene ne ba, kuma ta bari ma'aikacin lafiya ya duba ta tukuna. In ta riga ta sha, ta ji ciwo mai tsanani, ko jiri, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ta tafi asibiti nan take ta faɗi gaskiya. Mu kuma 'yan uwa mu rage zunɗe, don shi ke kora su ga ƙullin leda. Asirin 'yar uwarki ki rufe shi a gaban duk duniya, amma ban da gaban wanda zai ceci ranta.