Geron Malam Isufu a Dutsen Suda

Shekara shida ke nan da muka kai Malam Isufu makwancinsa a nan Riyad, Allah Ya jiƙansa. Mutumin Damagaram ne, ɗan dako a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, ni kuwa direba ne, ina kwasar kaya daga kasuwar zuwa shaguna. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Gubaira. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma da yake akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, ban taɓa raga masa ba, shi ma bai taɓa kirana da sunana ba. Bakano kawai yake ce min.

Manomi ne tun asali, fari ne ya koro shi. Duk wanda zai dawo hutu daga wajensu sai ya taho masa da ɗan irin gero daga gonar mahaifinsa. Sai ya ƙulle sabon a tsumma, ya watsa wa tantabaru tsohon. Na sha tambayarsa ko a kan kwalta zai shuka. Bai damu da dariyata ba. Shekara goma sha ɗaya, in ji shi, rabon da dunduniyarsa ta rufe rami a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma abin yana damunsa fiye da rashin tuwon gida.

Direbobin da ke kawo kaya daga kudu ne suka ba shi labarin duwatsun Asir, inda ake ruwan sama a lokacin da Riyad take ƙuna. Daga nan ya hana ni sakat. Na yi ta ce masa sai baɗi, har wata ƙaramar Sallah da kafilina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ara min tsohuwar motar kaya. Sharaɗinsa ɗaya, in dawo da ita kafin a buɗe shaguna ran kwana na huɗu. Wanda ya yi zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, ya san ba a wasa da irin wannan sharaɗi.

Muka loda tantin aro, da tabarma, da tukunya, da ɗan murhun gas. Bargo kuwa ko ɗaya ba mu ɗauka ba, don a tunaninmu duk Saudiyya zafi ce. Wuni guda muka yi a hanya, hamada ta ƙi ƙarewa, har muka wuce Abha muka fara hawa gandun da gwamnati ta keɓe a Dutsen Suda. Da asubar farko haƙoranmu karo suke yi. Buhunan albasa da suka rage a bayan mota muka yafa muka yi salla, yana cewa ashe Bakano ma yana rawar ɗari.

Kwana biyu muna hawa muna sauka a ƙafa. Hazo yana tasowa daga ƙasan kwari ya rufe mu har ba na ganin bayan Malam Isufu, can kuma ya yaye. Birai suka sace mana burodi. Na lura yana yawan tsayawa ya dafa dutse yana haki, na ce tsufa ne, ya ce iskar wurin ce ba ta da kauri. Ban san likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta kumbura ba. Har yau in na tuna yadda nake ce masa ya ɗaga ƙafa, kunya takan kama ni.

Ruwa dai bai zo ba. Da safen kwana na uku na fara naɗe tanti, ya riƙe igiyar.

"Bakano, ka ba ni zuwa la'asar. Dubi gabas, akwai hadari."

"Malam, ka san kafili. In na makara shi ke nan, kalas, aikina ya tafi."

"Na sani. Ni ma ban taɓa roƙonka komai ba."

Na zauna a mota ina ƙunƙuni, ina lissafin tsawon hanyar da zan ja ba hutu. Bayan azahar kaɗan ruwa ya kece. Da ya tsagaita, sai na ga Malam Isufu ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bayan wani dutse mai tsaga, ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa ya nutse. Ya ɗago ya ce ruwan ya kai shuka. Da guntun icce ya sara rami bakwai, ya zuba iri, yana bi yana rufewa da dunduniya. Na ce masa gandun gwamnati ne, ba gonar gado ba, kuma gero ba ya nuna a irin wannan sanyi. Ya ce shi bai zo girbi ba. Fuskarsa duk ruwa, ban tantance ko na sama ne kaɗai ba.

Na kai motar a makare. Kafili ya yi faɗa iya faɗa, ya karɓe makulli na mako guda, amma bai kore ni ba.

Ba a rufa mako biyu ba aka kwantar da Malam Isufu a asibiti. Duk zuwan da zan yi, tambayarsa ɗaya, ko geron ya tsiro. Ranar da na ga ƙafafunsa sun kumbura, na roƙi wani direban kudu ya rage min hanya. Na hau dutsen ni kaɗai, na yi ta bulayi kafin in gane dutsen mai tsaga. Rami huɗu babu komai, wataƙila birai ne. Uku sun fito, kore shar, a cunkushe. Na ɗauki hoto da waya na juyo.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ina jiran godiya, sai ya ce, "Kai Bakano, ka yi wannan doguwar tafiya, ba ka rage su ba? Uku ake bari a rami, in ba haka ba duk su shaƙe juna." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma bai saki wayar ba. Bayan kwana tara ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ɗakinmu na Gubaira wasu ne a ciki, rabin abokan dakonsa sun koma gida. Bara na koma Suda, na tarar da motoci jere, kowa ya juya wa hadari baya yana ɗaukar kansa hoto. Ina jin ba zai yi tsaki ba, don ba mai ƙorafi ba ne. Zai dai tsuguna a gefen hanya ya tona ƙasa, mutane su ɗauka wani abu ya yar. A bayan dutsen mai tsaga babu ko kara ɗaya, kuma ban yi mamaki ba.

Bai bar gida ko mota ba, kuma kabarinsa ba shi da alama, kamar na kowa a nan. Ƙullin tsumman ne ya rage a hannuna, kuma har yanzu ƙaninsa yana aiko min da sabon iri. Ni da aka haifa a cikin birni, ban taɓa riƙe fartanya ba, duk shekara ina shuka gero a tsohon bokitin fenti a saman gidan da nake haya. In ya tsiro a cunkushe nakan tsaya a kansa, hannuna ya ƙi tafiya, don kowanne ina ganin kamar nasa ne. Sai in ji muryarsa tana ce min Bakano. Sai in tsuguna in cire, in bar uku.