Makin da Hedimasta Bellad Ya Mayar

A layinmu na bayan tashar jirgin ƙasa ta Gadag babu wanda bai san ƙararrawar Gurappa Hosmani ba. Guntun ƙarfen layin dogo ne ya rataye a baranda, kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe sai ya ƙwala masa guduma sau uku kamar mai tara ɗalibai ɗari biyar. Ɗaliba ɗaya ce tak, 'yarsa Netra. Za ta fito daga kicin tana goge hannu, ta zauna a bencin ɗakin gaba, shi kuma ya buɗe rajista, ya gyara tabarau, ya kira, "Netra Hosmani." Ta ce, "Ga ni, Malam." A cikin ɗakin nan Malam ne, sai an fito ya koma Baba. Shekara biyar ana haka, har ranar Lahadi, har mu maƙwabta muka gaji da dariya muka koma daidaita agogonmu da shi.

Gurappa gwanin lissafi ne, wannan kowa ya yarda, amma babu wanda ya kai shi yarda. Shekara goma sha huɗu ya yi yana koyarwa a makarantar Hedimasta Bellad, inda ita ma Netra take karatu tun daga aji ɗaya. Tana aji bakwai, Bellad da kansa ya duba takardar gwajinta ta lissafi ya ba ta casa'in da tara, wai ta kai ga amsa ta wata gajeriyar hanya da ba ta cikin littafi. Hanyar kuwa ubanta ne ya koya mata. Washegari a taron safe, yara sun jeru, malamai na tsaye, Gurappa ya hau dandamali ya ɗaga takardar sama, ya kira Bellad jaki mai ɗaukar littattafai, ya ce lissafi bai san "kusan" ba, amsa ko daidai ce ko kuskure. Ya keta takardar biyu ya watsa masa a ƙafa, ya ja hannun 'yarsa suka fice. Ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Matarsa Girija, wadda ke gasa roti, wata irin gurasa ta garin dawa, tana kai wa gidajen abinci, ta roƙe shi har da hawaye.

"Baban Netra, saura sati biyar a rufe shekara. Ka bari ta ƙarasa ajin mana, daga nan ka yi yadda kake so."

"Ko kwana biyar ba za ta ƙara ba a garken jakai," in ji shi. "Ke dai ki ji da garin dawarki."

A ranar ya shafa wa bangon ɗakin gaba baƙin fenti ya zama allo, ya kafa ƙusa guda a samansa. Ya ce takardar likitancin Netra ce za ta hau ƙusar nan. Wata rana Girija ta manta ta rataya kalanda a kai, kwana uku bai yi mata magana ba.

Gaskiya ya koyar da yarinyar. Ba ya duka, amma gara dukan da kallon da yake yi mata idan ta yi kuskure. Babu biki, babu ƙawa, babu zuwa sinima. Kwaɗi ya kamo mata daga kwata ta yi nazarinsu, ya haɗa mata kayan gwaji da kwalaben magani. Jarrabawar aji goma da ta aji sha biyu ta rubuta su ta hanyar da aka tanadar wa masu karatu daga gida, ta cinye su sarai. Da lokacin babbar jarrabawar shiga makarantar likitanci ya zo, Gurappa ya haddace ƙa'idojin kamar addu'a. Ya auna hoton da za a liƙa a fam da rula. Ya sa Girija ta rage hannun rigar yarinyar domin ba a shiga da dogon hannu, ya cire mata ɗankunne tun daga gida, suka isa ƙofar wurin jarrabawa a birnin Hubli awa uku kafin a buɗe. Duk uban da ya ga yana rawar jiki da takardu a layi sai ya taɓe baki.

Netra ta ci. Kujerun makarantun gwamnati kashi biyu ne, 'yan kaɗan na ƙasa baki ɗaya, mafi yawa kuma na 'yan jiha. Makinta bai kai na farkon ba, amma na 'yan jiha ta wuce shi da tazara. Makarantar kuɗi kuwa ko a mafarki gidan mai gasa roti ba ya hango ta. Gurappa ya sayo alewar madara akwati biyu ya bi layi gida-gida yana rabawa, yana tambayar kowa, "Naku yaron na makaranta fa, nawa ya ci?" Mun karɓi alewar, mun ci, amma ba ta yi mana daɗi ba.

Saura tantance takardu. Ranar Litinin suka je ofishin tantancewar, shi da Netra, da fayil a hammata da wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle. Akawun da suka samu yana ɓare gyaɗa a cikin durowa. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa hannu.

"Takardar shekara bakwai fa?"

Ƙa'ida ce duk mai neman kujerar 'yan jiha ya kawo shaidar ya yi cikakkiyar shekara bakwai a makarantar da hukuma ta sani a cikin jihar, da sa hannun hedimasta. Gurappa ya karanta wannan layin tun tuni, ya kuma yanke wa kansa hukunci cewa ɗakin gabansa ya fi kowace makaranta a Gadag, saboda haka ya isa. Ya kwance ƙyallen ya jera rajista biyar a kan tebur.

"Shida a makarantar Bellad, biyar a wurina. Sha ɗaya ke nan. Duba, ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba."

Akawun ya buɗe ɗaya, ya ga suna guda daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi. Ya kira na kusa da shi.

"Zo ka ga makarantar da ɗalibarta ke zuwa ta ɗaya kuma ta zo ta ƙarshe." Suka kwashe da dariya. Ya juyo ga Gurappa. "Baba, ina lambar rajistar makarantar taka? Wa ya duba ta, matarka? Ka je inda ta yi karatun gaske su rubuta maka bakwai. Juma'a ƙarfe biyar ake rufewa. Na gaba!"

A cikin bas Netra ta ce, "Baba, shida ne ko bakwai?"

"Shida da wata goma da 'yan kwanaki. Kusan bakwai ne."

Ta dube shi. Shi ma ya ji kalmar da ta fito daga bakinsa, ya kawar da kai ta taga.

Ranar Talata ya sa farar rigarsa ya nufi makarantar da ya rantse ba zai sake taka ƙofarta ba. Aka ce Hedimasta na ganawa, ya zauna a bencin iyayen yara. Ya zauna har aka tashi. Laraba ma haka, tsofaffin abokan aikinsa na wucewa suna gaishe shi da wata irin fara'a mai ciwo, "A'a, Malam Hosmani, shugaban jami'a! Yau kai ne a garken namu?" Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, domin a karo na farko a rayuwarsa akwai abin da iya lissafinsa ba zai warware ba.

Ranar Alhamis aka shigar da shi. Bellad ya tsufa, ya rame, amma idonsa na nan garau. Bai ce masa ya zauna ba.

"Ranka ya daɗe, sati biyar ne kacal. Yarinyar ba ta yi maka komai ba. Ni ne mai laifi."

"Ka san a nan ba a yi mini laifin ba," in ji Bellad, a hankali, yana juya cokali a kofin shayi. "A waje aka yi, gaban yara ɗari biyar. Inda aka zubar da abu nan ake kwashe shi. Gobe akwai taron safe. Idan ka zo, zan ba ka takardarka."

Girija ta ce kada ya je, mutumin nan ba sa hannu yake nufi ba. Gurappa ya daka mata tsawa ya ce ta san dawa, ba ta san mutane ba. Ranar Juma'a, karo na farko cikin shekara biyar, ba mu ji ƙararrawa ba.

Ya hau dandamalin nan. Yaran da ke tsaye ba su san shi ba, sai zunguri juna suke. Aka miƙa masa lasifika. Ya ce shi Gurappa Hosmani ya taɓa tsayawa a nan ya zagi babba, ya ce shi ne jakin, ba Hedimasta ba. Muryarsa ba ta fita sosai ba, Bellad ya ce na baya ba su ji ba, ya maimaita. Gurappa ya maimaita. Sannan ya durƙusa, mutum mai furfura, ya taɓa ƙafafun Bellad da hannu biyu ya kai goshinsa ƙasa. Wani malami ya fara tafi, yara suka ɗauka, su a ganinsu wasan kwaikwayo ne.

A ofis Bellad ya miƙa masa takarda mai hatimi. Gurappa ya karanta sau biyu. An rubuta Netra ta kammala shekara shida, an cire ta daga aji bakwai kafin ƙarshen shekara bisa buƙatar mahaifinta.

"Ranka ya daɗe, shida ka rubuta."

"Shida ta yi."

"Amma ka ce…"

"Na ce zan ba ka takardarka, ga ta. Ƙarya kake so in sa wa hannu, Malam? Kai ne fa ka koya mini lissafi bai san 'kusan' ba. Na riƙe darasin." Ya kurɓi shayi. "In tana so ta cike, ka kawo ta aji bakwai. Bencinta na nan, sai dai zai yi mata kaɗan."

Gurappa ya juya zai fita. Bellad ya ce ya dakata, akwai sauran haƙƙinsu a wurinsa. Ya jawo durowa ya fito da wata tsohuwar takarda da aka liƙe tsakiyarta da gam, rubutun yarinya 'yar shekara goma sha biyu a jiki. Ya cire murfin jan biro, ya soke casa'in da tara, ya rubuta ɗari, ya sa hannu da kwanan wata.

"Hanyarta daidai ce. Tun a ranar na sani. Da ka shigo ofis ka tambaye ni, da minti biyu ya ishe mu. Ungo makinka."

Duk da haka Gurappa ya hau bas ya kai wa akawun takardar shidan. Ko gyaɗarsa akawun bai ajiye ba, ya turo masa abarsa.

Kafin ya dawo gida da yamma labari ya riga shi, domin yaran layinmu uku suna cikin masu tafin. Netra na zaune a bencinta. Ya ajiye takardun biyu a gabanta, ya tsaya yana jiran ta yi kuka ko ta zage shi, kuma da ta yi ɗayan biyun da ya ji sauƙi. Ta ture mai hatimin gefe, ta ɗauki tsohuwar, ta daɗe tana kallon jan rubutun.

"Savitri ce ke zama kusa da ni a ajin nan," ta ce. "Sittin da biyu ta ci a wannan gwajin. Jiya babarta ta gaya wa Mama an tantance takardunta." Ta miƙe. "Ashe ka yi gaskiya, Malam. Barka."

Ta hau bencin, ta huda takardar a jikin ƙusar da ke saman allo, ta daidaita ta da kyau, ta sauko ta shiga kicin wurin uwarta.

Shekara uku ke nan. Netra tana aiki a wani kantin magani a hanyar tasha, tana karanta rubutun likitoci tana miƙa ƙwayoyi, kuma an ce ba ta taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba. Tana dafa wa ubanta abinci, tana wanke masa kaya, amma tun daga ranar ba ta sake ce masa Baba ba, ko a kicin, ko a gaban baƙi, ko lokacin da ya kwanta zazzaɓi. Girija ta ɗauke guntun ƙarfen tana danne bakin buhun dawa da shi. Shi kuwa Gurappa da safe yakan zauna a ɗakin gaba da tabarau a hanci, ya juya wa allon baya. Takardar na nan a ƙusa. Sau ɗaya ya miƙa hannu zai sauke ta, Netra na wucewa da jakar aiki ta ce, "Bar ta, Malam, ai tsada ta yi," sai ya janye hannunsa.