Ranar da Na Yi Tsere da Waya

Ni ba na cikin dattawan nan masu zagin waya a majalisa, in sun koma ɗaka su yi ta shafa ta kamar jariri. Da hannuna na sayi tawa, ba wanda ya tilasta ni. Shekarar da aka kafa dogon ƙarfen rezo, wato na sabis ɗin waya, a kan tudun da ke gabas da ƙauyenmu, can bayan Gangara, ina cikin waɗanda suka fi kowa murna. Kafin zuwansa, in kana Tanut kana son jin lafiyar gida, sai ka jira ranar kasuwa, ka bi ƴan garinku rumfa-rumfa kana tambaya, wannan ya ce lafiya lau, wancan ya ce ya ji kamar wance ba ta jin daɗi. Ni na kai wa Inna, mahaifiyata, ƙaramar waya mai maɓallai, na zauna na koya mata koren da ake dannawa a amsa kira. Jan kuwa har yau bai shiga kanta ba. In ta gama abin da za ta faɗa sai ta tura wayar ƙarƙashin matashi, kai kuma ka yi ta sauraron yadda take faɗa da awaki.

Aikina koyarwa ne, a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin garin Tanut. An taɓa tara mu malamai don a koya mana kwamfuta, aka kawo wani saurayi mai fara'a daga Damagaram. Ya san aikinsa ƙwarai, bai kuma raina mu ba duk da taurin yatsunmu. Abu ɗaya ya faɗa da ya tsaya mini a rai, wai yanzu duniya ta zama ƙauye guda. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Da na ƙara shekaru sai nake ganin yaron nan bai taɓa zaman ƙauye ba. A ƙauye an san uwar kowa. An san wadda za a faɗa wa magana a tsaye, da wadda sai an zaunar da ita tukuna.

Ina yaro na ga yadda ake kai labarin mutuwa, lokacin da kakana na wajen uwa ya rasu a wani gari kusa da Belbeji. Wani dattijo ne ya zo a kan jaki. Ya sauka a ƙofar gida, aka ba shi ruwa ya sha, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gona, ya tambayi dabbobi. Sai da ya huta sannan ya ja mahaifina gefe. Mahaifina ya aika aka kira wata tsohuwa da Inna ke ganin girmanta, ita ta shiga ciki. Ta zauna kusa da Inna har gwiwoyinsu na taɓa juna, ta fara da cewa jikin tsoho ya yi tsanani, ta bari ta haɗiye wannan, sannan ta ƙarasa. Ba zan ce wancan zamanin ya fi namu a komai ba. Kafin jakin nan ya iso an daɗe da binne kakana, Inna ba ta ga gawar ubanta ba, kuma abin ya yi shekaru yana cinta. Amma labarin ya zo mata tare da mutum, wanda zai riƙe ta in ta faɗi.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ba ta kama sunana. Tun da na fara aiki take ce mini Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci, yadda yara ke kirana a lakwal. Autanmu kuwa babu wata kunya tsakaninsu. Direba ne, yana jan babbar mota daga Tanut zuwa Agadas, kuma ba ya tashi daga tasha sai ya kira ta. Ta ce ya tafi a hankali, ya ce motar ce ma ba ta da gudu, ta ce bakinsa ai yana da shi. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne mai sa ta dariya.

Farkon kaka ne, lakwal ba ta daɗe da buɗewa ba. Da hantsi yara suka fita shan iska, na ciro waya ina duba gurup ɗin ƴan garinmu, inda ake zuba komai: wa'azi, tallan maganin basir, hoton ragon wani, gardamar siyasa. Na ga bidiyo na danna, kamar yadda na danna dubunsa a baya. Mota ce a kife a gefen hanya, buhunan gero sun farfashe. Mai ɗauka yana tafe yana haki yana salati, har ya kai wayar kan wani mutum da ke kwance a rairayi. Rigar na fara ganewa, domin ni na ɗinka wa autanmu ita da ƙaramar salla. Sai muryar ta faɗi sunansa, da sunan mahaifinmu, da sunan ƙauyenmu, ta ce a tura ko'ina ko Allah zai sa ƴan'uwansa su gani.

Na san mai ɗaukar bidiyon nan alheri ya nufa. Na daɗe ina neman in tsane shi, ban iya ba. Amma har yau ina tambayar kaina wane irin hannu ne namu yanzu, da in ya ga ɗan'adam a ƙasa aljihu yake fara zuwa.

Ban gama sanin inda nake ba wani direba, abokin Auta, ya kira ni yana kuka, ya ce taya ce ta fashe, kuma nan take rai ya yi halinsa. Na yi inna lillahi, na zauna a kan bencin yara. Na so in yi kuka, amma wani abu ya riga kukan shiga kaina: Inna. Tana gida da wayarta, kuma rabin matan ƙauyenmu na da manyan wayoyin da ƴaƴansu suka aiko musu daga Libiya. Ba na so ta ji mutuwar autanta daga bakin wanda bai san fuskarta ba.

Na rubuta a gurup cewa don girman Allah a goge, mahaifiyarsa ba ta sani ba tukuna. Amsar da na samu ita ce jerin ƴan hotunan hannaye masu addu'a, da na fuska mai hawaye. Wani ma ya tambaya ko akwai mai cikakken bidiyon, wai nasa ya yanke. Na san shi, na san ubansa, kuma har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na kira Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gidansa ke manne da namu. Ina sane da cewa abin da nake gudun a yi wa Inna shi na yi masa, amma ba ni da wata hanya. Ya yi inna lillahi. Can ya ce, yana nufin Inna, "Ni kaɗai ba zan iya kallon idon Yaya ba. Taho mu shiga tare."

Na ce, "Baffa, ka karɓe wayarta. Ka kuma roƙi mutane su riƙe bakinsu."

Ya ce, "Wayar mai sauƙi ce, zan ce tawa ta mutu in ari tata. Bakin mutane kuwa sai Allah."

Wani abokin aiki ya miƙo mini makullin babur ɗinsa. Duk wanda ya san hanyarmu ya san rairayi ne, babur yana tafiya yana rawa da gindi, wani wurin sai ka sauke ƙafa ka taimaka masa. Hagu da dama mutane na yankan gero, wasu na ɗaure dammuna, suna ɗaga mini hannu ina ɗaga musu. A aji nakan faɗa wa yara cewa saƙon waya da gudun haske yake tafiya, kafin ka ƙifta ido ya zaga duniya. Ina faɗar haka da alfahari, sai ka ce ni na ƙera shi. Ranar nan ga ni a kan babur ɗin aro ina tsere da shi. Wayata kuma ba ta daina rawa a aljihu ba. Mutanen Kano, da na Yamai, da na Libiya duk suna neman yi mini ta'aziyya, sun riga uwar mamaci sani. Ban amsa ko ɗaya ba.

Rana ta karkata kafin in hango dogon ƙarfen nan a kan tudu. Da na shiga gari sai na ji shi shiru, ba irin shirun kaka ba da kowa ke gona. Dattawan da ke gindin bishiya suka amsa sallamata ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗago ya tsokane ni yadda suka saba. Baffa na zaune a ƙofar gida. Ya ciro wayar Inna daga aljihu ya nuna mini, ya ce tun da ya karɓa ba ta nema ba, kuma ba wanda ya bari ya shiga. Sau ɗaya kawai ta fita, ta je famfo ta dawo. Na ce a raina na riga wayar.

Muka yi sallama muka shiga. An share tsakar gida tas. Tabarmar baƙi na shimfiɗe a inuwar ɗaki, ga kwanon ruwa a rufe da faifai a gefenta. Inna na zaune a kan ƴar kujerarta da mayafi a kai, hannuwanta a kan cinya.

Ta ce, "Mushe, sannu da hanya. Ku zauna. Sha ruwa."

Na sha. Ta tambayi matata, ta tambayi yara da sunayensu, ta tambayi lakwal, ta tambaya ko gero ya yi kyau a wajen Tanut. Na yi ta amsawa da lafiya lau. Ban lura ba a lokacin cewa ba ta tambayi abin da ya kawo ni ranar aiki ba. Baffa ya matsa kusa da ita, ya yi gyaran murya, maganar ta ƙi fita. Ya dube ni.

Na ce, "Inna, motar su Auta ta yi haɗari a hanyar Agadas. An ce jikin nasa ya yi tsanani."

Ta ce, "To. Ƙarasa."

Na ce, "Allah ya yi masa rasuwa."

Ta yi inna lillahi a hankali, ta maimaita, ta roƙa masa gafara. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "An rufe shi?"

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Na ce an rufe masa fuska? A wanda na gani ba a rufe ba. Ƙafarsa ɗaya ma ba takalmi."

Baffa ya ce, "Yaya, ashe kin sani?"

Ta ce, "Na gani a famfo. Wata ce ke nuna wa ƴan'uwanta, ba su ga zuwana ba. Na ji an kira sunansa, na leƙa." Ta gyara mayafinta. "Na cika tuluna na dawo. Ɗana ba akuya ba ne da zan karɓi mutuwarsa a bakin famfo. Na ce zan zauna har a zo a faɗa mini."

Tun hantsi ke nan tana riƙe da abin nan ita kaɗai. Ta share gida, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwa, ta bar Baffa ya tsare mata ƙofa. Ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba, kuma ban san amsar tambayarta ba. Na faɗa mata gaskiya, na ce ban sani ba.

Ta ce, "To ciro wayar taka ka tambaya."

Na kira abokin Auta, na buɗe muryar yadda za ta ji. Ya ce wani Ba'abzine makiyayi ne ya zo wucewa da raƙumansa, ya sauka ya raba mutane, ya warware rawaninsa ya lulluɓe shi daga kai har ƙafa, ya zauna a wajen kansa yana kore ƙuda har motar likita ta iso. Ya ce an yi masa wanka, an yi masa sutura, jama'a da yawa sun yi masa salla.

Inna ta ce, "Wa ya san mutumin?"

Ya ce ba wanda ya san shi, ya hau raƙuminsa ya tafi da kai a buɗe.

Ta ce, "Allah ya rufa masa asiri."

Sai ta ja mayafin ta rufe fuskarta, kafaɗunta suka fara rawa. Da jin kukan, matan da ke tsaye a bayan danga tun ɗazu suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna cire takalma a bakin ƙofa.